Lemon Umma yana mutuwa a hannuna

Anti, barka da ƙoƙari. Yau wata 7 ke nan da rasuwar mahaifiyarmu. Cikin abin da ta bari akwai bishiyar lemun tsami da ta rena a cikin roba, wajen shekara 5 tana ɗawainiya da ita, har ta fara ba ta 'ya'ya. Da aka zo kwashe kayanta ni ban nemi komai ba sai wannan bishiyar. Na kawo ta gidana, na sauya mata wata ƙatuwar roba da ta ninka tata, na zuba tsakuwa a ƙasan robar kamar yadda aka ce mini, na ajiye ta ƙarƙashin rumfa kusa da ƙofar ɗakina don kada rana ta ƙona ta. Safe da yamma ba na fashin ba ta ruwa. Da ganyen ya fara yin rawaya sai na watsa mata takin zamani cikin hannu biyu, bayan mako guda na ƙara da toka. Yanzu fiye da rabin ganyen ya zube, wanda ya rage ya yi yaushi alhali ƙasar a jiƙe take sharkaf. Ga wani baƙin abu kamar hayaƙin fitila a kan ganyen, ga kiyashi suna hawa suna sauka. Maigidana ya ce a yar da ita a sayo wata. Ƙanwata kuma ta ce hannuna ne ba ya karɓar shuka. Anti, duk safiyar da na share ganyenta sai in ji kamar na ci amanar Umma. Ko akwai sauran dabara?

'Yarki da ke cikin damuwa

'Yata, Allah Ya jiƙan Umma, Ya haskaka makwancinta, ku kuma Ya ba ku haƙurin rashinta. Sau biyu na karanta wasiƙarki, ban ga inda kika ci amana ba. Duk abin da kika lissafa, tun daga sabuwar robar har zuwa tokar, tausayi ne ya sa kika yi shi. Sai dai bishiya ba ta karɓar tausayi yadda mutum yake karɓarsa. Mara lafiya a gida ana sa shi a inuwa, a yawaita ba shi ruwa, a matsa masa da abinci, kuma haka kika yi wa lemon nan. Waɗannan abubuwan uku su ne suka kwantar da shi. Ina kuma kyautata zaton bai riga ya tafi ba, tunda har yanzu akwai ganye a jikinsa.

Kafin ki ci gaba da karatu, tashi ki je wajen bishiyar. Ki sa farce ki ɗan kankare ɓawon wani ƙaramin reshe, kaɗan kawai. Idan kika ga kore mai danshi a ƙarƙashi, reshen yana da rai. Idan kika ga busasshe mai launin ƙasa, ki sauko zuwa reshe mafi kauri ki sake gwadawa, har ki kai ga gangar jikin. Muddin akwai kore a gangar jiki, akwai abin da za a yi wa aiki. Daga yau kuma ki ajiye butar ban ruwa, kada ki ƙara ɗiga ko da kofi ɗaya sai kin yi abin da zan faɗa miki.

Abin da ya fi ɗaure miki kai shi ne ganye ya yi yaushi ga ƙasa jiƙe. A nan ne mafi yawan masu shuka a tukunya suke faɗawa, ni ma a nan na taɓa rasa wata fulawa da nake ji da ita, kuma sai da na tumɓuke ta na gane abin da na yi. Saiwa tana numfashi. Tsakanin ƙwayoyin ƙasa akwai 'yan ƙananan ramuka da ido ba ya gani sosai. Idan aka zuba ruwa sai ya cika su, bayan ɗan lokaci ya tsiyaye, iska ta shigo ta maye gurbinsa. Daga wannan iskar ce saiwa take samun oksijin. Idan aka sake zuba ruwa kafin na farko ya tsiyaye, aka yi ta haka safe da yamma, ramukan ba sa taɓa samun iska. Farkon abin da ke mutuwa shi ne siraran fararen saiwoyin nan masu kama da gashi, kuma su ne dama suke tsotso ruwa. Daga nan wasu ƙwayoyin cuta da suke bunƙasa a jiƙaƙƙiyar ƙasa, irin wanda masana suke kira Faitoftora, sai su kama sauran su ruɓar da su. Dangin lemo suna cikin itatuwan da wannan cutar ta fi yi wa illa. To, kin ga bishiyar tana zaune cikin ruwa amma bakin da za ta sha da shi ya ruɓe, sai ganye ya yi yaushi irin na ƙishi. Mai ita ta gani ta ce ruwa take so, ta ƙara. Haka abin yake ta zagayawa har a wayi gari babu ganye.

Ƙatuwar robar ta ƙara dagula lamarin. A tsohuwar robar Umma saiwar ta cika ko'ina, duk ruwan da aka zuba nan da nan take shanye shi. A sabuwar kuwa, akwai tarin ƙasa a kewaye da babu saiwa ko ɗaya a cikinta, ba mai shan ruwanta, sai ta zauna kwana da kwanaki a jiƙe kamar laka. Shi ya sa idan za a sauya wa shuka mazubi, ba a tsallake girma. Wanda ya ɗara tsohon da faɗin yatsu 2 ko 3 a kowane gefe ya isa.

Maganar tsakuwa kuwa, kusan kowa haka aka gaya masa, kuma a kunne tana da daɗin ji. Amma ki gwada wannan da kanki: ki jiƙa soson katifa ki ɗora shi a kan tsakuwa. Za ki ga ruwan bai bar soson ya gangara cikin tsakuwar ba, yana nan riƙe a ƙasan soson. Ƙasar tukunya ma haka take. Ruwa ba ya barin ƙasa mai laushi ya shiga cikin abu mai manyan ramuka sai ƙasar ta cika ta tumbatsa. Kowace tukunya tana da wani sashe a can ƙasa da ya fi jimawa a jiƙe, kuma abin da tsakuwa take yi shi ne ta ɗago wannan sashen sama, ta kawo shi daidai inda saiwa take. Abin da ke fitar da ruwa shi ne huji a gindin mazubi da kuma ƙasa mai sakin ruwa. Ban ji kin ambaci huji a wasiƙarki ba, kuma wannan ya tsaya mini a rai. Ki juya robar ki duba.

Yanzu ga aikin, kuma gani ya kori ji, sai kin fito da bishiyar kin ga saiwar da idonki. Ki zaɓi yamma ko sassafe. Ki shimfiɗa buhu a inuwa, ki kwantar da robar a gefenta, ki samu wanda zai riƙe miki ita, ki zaro bishiyar a hankali kina tallafe da gindinta. Kada a finciko ta ta reshe. Ki karkaɗe jiƙaƙƙiyar ƙasar da yatsu, abin da ya maƙale ki ɗauraye da ruwa kaɗan. Lafiyayyar saiwa tana da ƙwari, launinta fari ne ko ruwan ƙasa mai haske. Ruɓaɓɓiya kuwa baƙa ce ko ta yi duhu, ta yi laɓo-laɓo, idan kika ja ta sai fatar ta saɓule ta bar wani zare a tsakiya, sau da yawa kuma za ki ji wari. Duk wadda ta zama haka ki yanke ta da almakashi mai kaifi har zuwa inda kika tarar da mai ƙwari. Ki goge almakashin da sifirit kafin ki fara da kuma bayan kin gama, don kada ki kai cutar kan wata shukar. Na san hannunki zai yi nauyi wajen yankan nan, za ki ji kamar kina ƙara mata ciwo. Ki daure. Saiwar da ta ruɓe ba ta dawowa, barinta kuma yana jawo wa ta kusa da ita.

Idan tsohuwar robar Umma tana nan, ita za ki mayar da bishiyar ciki, bayan kin wanke ta tas. In babu, ki nemi mazubin da saiwar da ta rage za ta shiga da ɗan sarari kaɗan. Tukunyar ƙasa ta fi roba a wannan halin, domin jikinta yana fitar da danshi, ƙasar ciki ta fi saurin shan iska. Ko wanne ne, ya kasance da huji 4 ko 5 a gindi, kowanne yatsa zai iya shiga. Tsohuwar ƙasar nan kada ki mayar da ita, ga cuta a ciki ga gishirin taki ga toka. Ki haɗa sabuwa: kashi 2 na ƙasar lambu mai kyau, kashi 1 na yashi mai manyan ƙwayoyi, kashi 1 na takin gargajiya da ya ruɓe sarai har ya koma kamar baƙar ƙasa, ba ya wari ba ya zafi. Ki guji rairayi mai laushi, shi idan ya haɗu da ƙasa mai danƙo toshe ramukan yake yi. Gwajin haɗin ba wuya: ki ɗan jiƙa shi ki dunƙule a hannu, idan kika taɓa dunƙulen da yatsa ya wargaje, ya yi. Idan ya tsaya kamar yumɓun gini, ki ƙara yashi.

Wajen dasawa ki lura da wuyan bishiyar, wato inda gangar jiki ta ƙare saiwa ta fara. Wannan wurin ya zauna daidai saman ƙasa, kada ki binne shi. Lemon da aka zurfafa wuyansa yakan ruɓe daga nan, har ki ga wani danƙo yana tsattsafowa daga ɓawon. Bayan kin dasa ki ba ta ruwa sau ɗaya, sosai, har ya fito ta hujin, ki ɗora tukunyar a kan bulo biyu don ruwan ya samu hanyar fita. Idan kina sa faranti a ƙarƙashi, ki riƙa zubar da abin da ya taru, ko don sauro ma. Busassun rassa ki datse su zuwa inda kore ya fara. Idan akwai fure ko 'ya'ya ki cire duka, bana ba shekarar haihuwa ba ce gare ta. Koren ganyen da ya rage kuwa ko guda kada ki tsinka, da shi za ta sake gina saiwa.

Wannan ya kawo mu kan rumfa. Mutane da yawa sun ɗauka bishiya ƙasa take ci, taki kuma shi ne tuwonta. Wani masani mutumin birnin Burasel na ƙasar Beljiyam, Jan van Helmont, ya taɓa gwada wannan, aka buga sakamakon a 1648 bayan rasuwarsa. Ya dasa wata 'yar bishiya mai nauyin kilo 2 da 'yan kai a cikin busasshiyar ƙasa da ya auna, wajen kilo 90, ya yi shekara 5 ba ya ba ta komai sai ruwa. Da ya sake aunawa, bishiyar ta haura kilo 75, ƙasar kuwa abin da ya ragu daga nauyinta bai kai giram 60 ba. Shi ya ɗauka ruwa ne kaɗai ya zama itacen. Waɗanda suka zo bayansa ne suka gano cewa ganye ne yake haɗa abincin, daga iska da ruwa, da ƙarfin hasken rana. Na kawo miki wannan ne don ki ga cewa ranar da kika kai lemon ƙarƙashin rumfa, ranar kika rage masa abinci. Lemo ɗan rana ne, yana son awa 6 zuwa 8 na hasken rana kai tsaye a kullum. Ga shi kuma shukar da ke inuwa ba ta shan ruwa kamar wadda ke rana, ƙasarta ba ta bushewa da wuri, ke kuwa kina zubawa sau biyu a yini. Ki tuna inda Umma take ajiye shi a gidanta. Ina da yaƙinin a fili yake.

Sai dai kada ki ɗauke shi daga inuwar wata 7 ki dire shi a tsakar rana yau, ga saiwa a yanke. Mako na farko ya zauna inda akwai haske sosai amma rana ba ta dukansa. Mako na biyu ya samu hantsi na awa 2 ko 3. Daga nan ki riƙa ƙarawa har ya koma fili. Idan robar baƙa ce, ki naɗe ta da buhu ko ki kare ta da wani abu, domin baƙar roba tana ɗaukar zafi har ta dafa saiwar da ke jingine da jikinta.

Taki kuma, ki ɗauke shi kamar gishiri a girki, ɗan kaɗan ake bukata. Takin zamani ma gishiri ne a haƙiƙaninsa. Idan ya yi yawa a ƙasa, maimakon ruwa ya shiga saiwa sai ya riƙa fita daga cikinta, bakin ganye ya ƙone ya yi ja. Cikin hannu biyu a roba ɗaya ya yi yawa ko ga lafiyayyar bishiya, balle wadda saiwarta ke ciwo. Toka kuma tana rage tsamin ƙasa, lemo kuwa ya fi son ƙasa mai ɗan tsami-tsami. Idan tsamin ya ragu da yawa, sinadarin ƙarfe yana nan a ƙasar amma saiwa ba ta iya ɗaukarsa, sai ganye ya ƙara yin rawaya. Saboda haka toka ki raba ta da lemo gaba ɗaya, taki kuma ki dakata sai kin ga sabon toho ya fito ya yi ƙwari, ko da za a kai wata 2. Lokacin sai ki fara da ƙaramin cokali ɗaya, ki barbaɗa a gefen tukunya nesa da gindi, a kan ƙasa mai danshi, ki bi da ruwa. Lambobi ukun da kike gani a jikin buhu, irin 15-15-15, suna nuna kason naitirojin da fosfaras da fotasiyam ne a jere. Lemo ya fi cin na farkon. Idan kashin kaji za ki sa, sai wanda ya yi watanni yana ruɓewa, ɗanyensa ƙona saiwa yake yi.

Ina so ki koyi karatun ganye, domin rawaya ba iri ɗaya ba ce, kuma wannan zai yi miki amfani a kan kowace shuka. Idan tsofaffin ganyen ƙasa ne suka fara yin rawaya gaba ɗayansu, na sama suna kore, galibi naitirojin ne ya yi ƙaranci, shukar tana kwashe shi daga tsoho tana kai wa sabo. Idan sababbin ganyen kan reshe ne suka yi fari-fari, jijiyoyinsu suka tsaya kore kamar an zana raga, wannan ƙarancin sinadarin ƙarfe ne. Idan kuwa rawayar ta game ko'ina, ganye yana zuba, ƙasa kuma a jiƙe, kada ki nemi buhun taki, saiwa za ki duba. Ruwa ba ya tsami banza, kuma a shukar tukunya sau da yawa dalilin yana can ƙarƙashin ƙasa.

Baƙin abin nan mai kama da hayaƙin fitila ba shi ne ciwon ba, alama ce. Ki juya bayan ganyen ki duba, ki duba kuma inda ganye ya haɗu da reshe. Za ki tarar da ɗaya daga cikin ƙwarin da ke tsotsar ruwan shuka: ko darɓa, 'yan ƙanana kore ko baƙaƙe da ke taruwa a kan sabon toho, ko wasu farare kamar an manna auduga, ko wasu masu ɓawo da suke lafewa a jikin reshe kamar ƙuraje ba sa motsi. Dukansu suna fitar da wani ruwa mai zaƙi mai danƙo, shi ne yake zuba a kan ganye, baƙar fumfuna ta tsiro a kansa. Kiyashin kuma wannan zaƙin suke bi, har gadin ƙwarin suke yi, suna korar ƙwarin kirki da ke cinye su. Fumfunar ba ta shiga cikin ganye, amma tana tare masa haske, ga shi dama hasken ya yi masa kaɗan.

Tunda ganyen da ya rage ba shi da yawa, hannu ya fi feshi. Ki jiƙa tsumma mai laushi ki goge kowane ganye ciki da baya. Masu ɓawon ki kankare su da tsohon buroshin haƙori, masu kama da auduga ki dangwale su da auduga da sifirit. Bayan haka ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa marar ƙarfi a lita 1 ta ruwa ki fesa, musamman bayan ganye. Da yamma ake yi, domin sabulu da zafin rana suna ƙona ganye, kuma ki fara gwadawa a ganye 2 ko 3 ki kwana ki gani. Garin sabulun wanki kada ki kusanto da shi. Sabulun ƙwaron da ya taɓa kaɗai yake kashewa, don haka sai kin maimaita bayan kwana 5 zuwa 7, kamar sau 3. Man darbejiya ma yana aiki idan kina da shi, shi ma da yamma. Ki rufe saman ƙasar da leda lokacin feshi don kada ruwan sabulun ya gangara ga saiwa. Ruwan wanke-wanke da na wanki ma kada ya zama ruwan shukarki, gishirin da ke cikinsu taruwa yake yi a tukunya.

To yaushe za ki riƙa ba ta ruwa? Ba zan ce miki duk kwana kaza ba, domin duk wanda ya ba ki lissafin kwanaki bai san tukunyarki ba, bai san zafin wurinki ba. Yatsanki ne ma'auni. Ki tura shi cikin ƙasa har gaɓa ta biyu. Idan kika ji danshi, ki juya ki tafi. Idan kika ji a bushe, ki zuba ruwa a hankali ko'ina a saman ƙasar har ya fito ta ƙasa, sannan ki bar ta sai ta sake bushewa. A lokacin zafi hakan na iya zama kullum idan bishiyar ta warke ta cika da ganye, a lokacin sanyi ko ruwan sama kuma ta iya yin mako ba ta nema ba. Yanzu da ganyenta kaɗan ne, za ki yi mamakin yadda za ta daɗe ba ta bukata. Safiya ta fi, kuma a ƙasa ake zubawa, ba a jikin gangar ba.

Na fahimci ban ruwan nan na safe da yamma ya zama miki wata hanya ta gaishe da Umma, kuma ba na so in raba ki da ita. Ki ci gaba da zuwa wajen bishiyar sau biyun nan. Sai dai ki je hannu babu buta: ki taɓa ƙasa, ki juya ganye, ki duba ko kiyashi sun dawo, ki ɗan juya tukunyar don kowane gefe ya samu rana. Ina jin da za a tambayi waɗanda suka zauna da Umma, za su ce tsayuwarta a gaban bishiyar ta fi ban ruwanta yawa.

Akwai kuma abin da nake so ki yi a ranar da za ki sauya ƙasar, don kada ƙwanki duka ya zauna a wuri ɗaya. Lemun tsami yana cikin dangin lemon da reshensu yake yin saiwa ba tare da wahala sosai ba. Idan akwai reshe mai lafiya da za ki iya ragewa, wanda ya fara ƙwari amma bai tsufa ba, ki yanko guda 2 ko 3, kowanne tsawon santimita 15, ki yanke daf da ƙarƙashin inda ganye ya fito. Ki cire ganyen ƙasa ki bar biyu a sama, ki soka su cikin yashi mai danshi a ƙaramin mazubi mai huji, ki kifa farar leda a kai don danshin ya zauna, ki ajiye a wuri mai haske da rana ba ta duka. Yakan ɗauki mako 6 zuwa 8 kafin saiwa ta fito, kuma ba duka ne suke kamawa ba, balle da aka yanko su daga uwa mai jinya. Amma duk wanda ya kama, bishiyar Umma ce ita kanta, jikinta ne ya ci gaba, 'ya'yan da zai yi irin nata ne sak. Ki duba kuma ko lemon mai aure ne, wato wanda aka haɗa reshensa a kan gindin wani lemon. Za ki ga wani ɗan kumburi ko lanƙwasa a gangar jiki sama kaɗan da ƙasa. In akwai, reshen da za ki yanka ya zama daga saman wannan wurin, duk tohon da ya fito daga ƙarƙashinsa kuma ki cire shi, domin na gindin da aka yi auren a kansa ne, wani lemon ne daban.

Ƙanwarki kada ki riƙe ta a zuci, magana ce da ake yi ba a auna ta ba. Babu hannun da shuka take ƙi. Waɗanda ake cewa hannunsu yana da albarkar shuka, idan kika zauna da su za ki ga sun san lokacin da ake ƙyale ta ne, kuma kowannensu ya yi asarar shuke-shuke kafin ya sani. In da hali ki kira ta ta riƙe miki robar ranar aikin, ita ma uwarta ce, kuma idan reshen ya kama biyu ki ba ta ɗaya. Maigidanki kuma, ina jin ganinki cikin damuwa kowace safiya ne ya dame shi, ya nemi hanya mafi sauri. Ki faɗa masa a fili abin da bishiyar take a wurinki, ki roƙe shi wata 2, ki kuma sa shi ya huda miki mazubin.

Ba zan ɓoye miki ba, idan kika fito da ita kika tarar saiwar duka ta zama baƙa, ɓawon gindin ya saɓule ya zagaye, to da wuya ta tashi, kuma a nan 'yan rassan da kika soka a yashi ne abin dogaro. Idan kuwa ko kashi ɗaya cikin uku na saiwar yana da ƙwari, lemo itace ne mai naci. A makonni biyun farko wataƙila wasu ganyen su ƙara zuba, kada wannan ya firgita ki har ki koma ga buta ko taki. Abin da za ki sa wa ido shi ne 'yan ƙananan tsinin kore a jikin rassa, daidai inda tsohon ganye ya faɗi. Sukan ɓullo tsakanin mako 3 zuwa 6 idan akwai ɗumi. Ranar da kika gan su ki sake rubuto mini, ki gaya mini launin sabon ganyen da kuma ko jijiyoyinsa sun fi sauran jikinsa duhu, daga nan sai mu yi maganar taki.